Jariri na Tara a Fayil ɗin Maiyama

Aikina ba mai wuyar bayani ba ne, amma a layinmu na Firchin, cikin Jega, babu wanda ya taɓa tsayawa ya ji bayanin har ƙarshe. Maƙwabta sun san dai Shafa'atu matar Usmanu direba tana zama a kan tabarma da kwamfuta a cinya. Wasu na cewa kallo nake yi. Na daina gyara musu.

Wata ƙaramar ƙungiya nake yi wa aiki daga gida, masu gwajin jinin jarirai don a gano sikila tun kafin ta fara nuna kanta. Ma'aikatan lafiya a Jega da Aliero da Maiyama suna cike bayanin kowane jariri a waya, bayanan su iso mini a cikin wani irin fayil da ake kira XML. In ka buɗe shi, za ka ga kamar unguwa: kowane jariri da gidansa, a cikin gidan ga ɗakin sunansa, ga ɗakin sunan uwa, ga na ranar haihuwa, ga na sakamakon jini. Fayil biyu nake samu. Ɗaya na gwajin jini, ɗaya na ranar riga-kafi, wanda a cikinsa ake rubuta inda uwa take zaune da lambar wayar mijinta. Nawa shi ne in haɗa su, in fitar da yaran da jininsu ya nuna sikila tare da inda za a same su, in tura wa Sista Murjanatu, nas ɗin da ke bin gidaje.

Shirin kwamfutar da na gada, Malam Sirajo ne ya rubuta shi kafin ya samu aiki a Abuja. Layi ɗari uku da wani abu ne. Gida-gida yake bi, ɗaki-ɗaki, kuma da zarar ya tarar da ɗakin da babu komai sai ya tsaya cak, ya cika fuskar kwamfuta da jan rubutu. Sai ka nemo abin da ya ɓace, ka cike da hannu, ka sake tayar da shi. Ranar da fayil ya yi yawa, sau biyar yake tsaya mini.

A harshen da muke rubutu da shi, C#, akwai wata hanya da ake kira LINQ, wadda tun ina karatu a Aliero nake jin sunanta ban taɓa gwada ta a kan aikin gaske ba. Ita ba ta bin gida-gida. Tambaya kake rubutawa kamar kana aiken mutum: daga cikin jariran nan, waɗanda jininsu ya nuna sikila, haɗa kowanne da mai sunansa a ɗaya fayil ɗin, kawo mini garinsu da lambar waya. Akwai kuma wata ƴar alamar tambaya da aka ƙara wa harshen daga baya. In ka sa ta, kana ce wa shirin, in ka tarar babu komai a ɗaki, wuce abinka, kada ka tsaya.

Sati biyu na yi ina gwadawa, bayan azahar in ɗiyata Iklima ta yi barci. Ranar da sabon shirin ya tashi, layi goma sha ɗaya ne kacal, kuma bai tsaya ko sau ɗaya ba. Na zauna ina kallonsa, ina murmushi ni kaɗai, fanka na juyawa a hankali don wutar ba ta da ƙarfi. Na ɗauki hotonsa na tura wa Malam Sirajo. Bayan kwana biyu ya turo mini hoton babban yatsa. Na tura wa Usmanu, wanda ke kan hanyar kudu da lodin albasar Aliero, sati na biyu ke nan. Ya turo murya, ana jin ƙarar mota a bayansa: "Masha Allah, injiniya! Ni dai layuka nike gani. Iklima ta sha maganinta?"

Ta sha. Kullum da safe nake ba ta, kafin ko ruwa in sa a bakina. Shekararta biyu da wata huɗu, kuma da sikila aka haife ta. Ba mu sani ba sai da ta kai wata takwas, hannuwanta da ƙafafunta suka kumbura, ta kwana uku tana kukan da ba na son tunawa. Babu wanda ya gwada jininta da aka haife ta. Shi ya sa da aka ce ga wannan aikin ban yi dogon tunani ba.

Ranar wata Laraba da hantsi, ina wanki, Sista Murjanatu ta kira.

"Shafa, yara nawa kinka turo mani wancan wata?"

"Takwas, Sista."

"To ɗakin gwaji sun ce tara sunka gani. Ko kwamfutar taki ta ji yunwa ta cinye guda?"

Ta yi dariya, na taya ta, sannan na tsame hannuna daga ruwan kumfa. Na ce ta ba ni awa ɗaya.

Na bar wankin a bahon. Na tambayi fayil ɗin jini shi kaɗai: tara. Na haɗa shi da na riga-kafi: takwas. Na jera su gefe da gefe har na ga wanda ya faɗi. Namiji ne, daga Maiyama. Sunan uwa Zinatu. Adireshin da aka rubuta wajen ɗibar jini, gidan Malam Kalilu, bayan makarantar firamare. Babu lambar waya. Ɗakin sunansa kuwa babu shi ma gaba ɗaya.

Yawancin yara sai bayan suna ake kawo su a ɗibi jininsu. Wannan, bayanin ya nuna, a ɗakin haihuwa aka ɗiba, washegarin haihuwarsa, don an riƙe uwar kwana biyu. Jaririn kwana ɗaya ina zai samu suna? Tsohon shirin da ya zo kansa da ya tsaya, da na ji haushi, da na kira Maiyama na tambaya. Nawa ya duba, ya ga babu sunan da zai haɗa da wani, ya wuce abinsa kamar yadda na umarce shi. Ni da aka yi wa ɗiyata suna ranar bakwai, da rago da taron mata, ni ce na rubuta abin da ke zaton kowane yaro da sunansa yake faɗowa duniya.

Na duba ranar haihuwa. Sati goma sha ɗaya. Sakamakon ya fi wata guda yana zaune a cikin kwamfutata.

Na nemi Zinatu a fayil ɗin riga-kafi na Maiyama, babu. Na faɗaɗa tambayar zuwa garuruwan uku, Zinatu huɗu suka fito, babu wadda ranar haihuwar ɗanta ta yi daidai. Na sake kiran Sista na faɗa mata komai, ban rage laifina ba.

"Kai, Shafa. To Allah ya kyauta gaba. Ni ina ƙauyukan Aliero har Asabar, sai wani sati in leƙa Maiyama."

"Ni zan tafi gobe."

"Ke da goyo, cikin wanga zafi? Ba aikinki ba ne bin gidaje."

"Ni na ɓatar da shi, Sista."

Sai ta ce in buga takardar sakamakon, kuma kada in faɗa wa kowa kafin uwar da uban. Ranar Talata ake ganin masu sikila a Jega, in ce su zo.

Babu wanda zan bar wa Iklima. Mahaifiyata tana Yawuri, dangin Usmanu ba su saba da lokutan maganinta ba, kuma ba na son a ba ta ruwa sai ta roƙa. Na cika gora biyu, na ɗauki lema da ƙaramin tawul, na goya ta tun rana ba ta yi ƙarfi ba. A tasha na samu motar Maiyama saura mutum biyu. Bayanta cike da buhunan albasa, warin ya shiga har cikin mayafina. Duk hanyar babu wanda ya yi mini magana sai mai motar da ya ce in gyara ƙafa.

Gidan Malam Kalilu bai yi wuyar samu ba. Na yi sallama, wata dattijuwa da ke tsince albasa a inuwar rumbu ta amsa, ta tura mini tabarma da ƙafa. Muka gaisa, ta tambayi mutanen Jega kamar ta san su duka.

"Inna, Zinatu nake nema."

Ta ci gaba da tsintarta. "Waccan? Ai ta koma ɗakinta tun da ta yi arba'in. Wanka ta zo."

Na ji kunya ta kama ni a karo na biyu. Haihuwar fari ce, ta zo gidan iyayenta. Adireshin da nake riƙe da shi na kwana arba'in ne kawai. Ni ma a Yawuri na haifi Iklima, kuma da wani ya neme ni da takardar can, da gidan babana zai je.

"Lahiya dai?" Ta ɗago ta dube ni sosai.

"Takardar asibiti ce zan kai mata."

"Takarda tun daga Jega, da rana wagga, da ɗiya a baya? Ke ɗiyar nan, kada ki mai da ni yarinya. Yaron na da wani abu?"

"Inna, abin da za a iya kula da shi ne in an sani da wuri. Amma ita ya kamata ta fara ji. Ki yi mini haƙuri."

Sai ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da kwanon fura, ta miƙa wa Iklima ludayi. "Sha, ƴar birni. Uwarki mai taurin kai ce." Ta ce Birnin Malam aka kai Zinatu, gidan mijinta Malami mai injin ban ruwa, kowa ya san shi.

"Wane suna aka sa wa yaron?"

"Ke kuma! Sunan maigidana anka mayar mishi. So kike in faɗi da bakina?"

Kalilu ke nan. A motar komawa Jega na buɗe jerin Zinatu huɗun nan a wayata. Ga shi na uku: Kalilu, uwa Zinatu, Birnin Malam. Jiya na gan shi na wuce, don ranar haihuwarsa ta bambanta da mako guda. Ranar suna aka rubuta a matsayin ranar haihuwa. Na kira lambar da ke gefensa, a kashe take.

Daga Jega na hau kabu-kabu. Na lulluɓe kan Iklima da jiƙaƙƙen tawul, na ce wa mai mashin ya bi a hankali, ya ce Hajiya in na bi a hankali rana ce za ta cinye mu, na ce duk da haka. Sau biyu na tsayar da shi na ba ta ruwa. Muka isa ana kiran la'asar.

Zinatu ƴar siririya ce, ba za ta wuce shekara ashirin ba. Na same ta tana tankaɗe a ƙofar ɗakinta, yaron kwance a gefenta kan zane, ɓul-ɓul da shi, yana harba ƙafa. Hannuwansa na fara dubawa. Lafiyayyu ne, yatsun duk siraran jarirai. Na faɗa mata daga inda nake, na ce magana ce da ta shafi ɗanta, kuma gara maigidanta ma ya ji. Ta aika aka kira shi daga fadama. Ta ɗauki yaron ta rungume, ta bar garin a faifai kaji suna ci.

Malami ya shigo da taɓo har gwiwa. Ya tsaya daga nesa kaɗan muka gaisa. Na miƙa masa takardar, na yi bayani da kalmomin da na so a yi mini da su a lokacina: jinin yaron ya nuna sikila, ba laifin uwa ba ne, ba laifin uba ba ne, daga su biyun ya gado, kuma akwai abin yi.

Ya juya takardar gaba da baya. "Malama, dubi yaron nan. Dubi kumatu. Wanga ne marar lahiya?"

"Yanzu ba za a gani ba. Sai ya kai wata biyar ko shida take fara nunawa. Shi ya sa ake so a riga ta."

"To tun yaushe kunka sani?"

Da na so, da na ce sakamakon ne ya yi jinkiri. "Ya fi wata guda. Tun tuni ya kamata ku ji. Ni na ɓatar da shi."

"Kin ɓatar da shi ina?"

"A cikin kwamfuta."

Ya yi wata gajeriyar dariya. "To ga shi nan hannun uwarshi, kin gane shi." Sai dariyar ta ɗauke. "Wata guda. In da wani abu ya same shi fa?"

"Da ban san inda zan sa kaina ba," na ce. "Ba ni da abin kare kaina, Malam. Amma bai same shi ba, kuma ga ni na zo."

Na lissafa musu abin da na sani da hannuna, ba daga takarda ba. Akwai magani na kullum da za a ba shi ya tsare shi daga cututtukan da ke kayar da irinsu. Gidan sauro kowane dare. Nono sosai, in ya fara shan ruwa kada a bari ya ji ƙishi. Kada a yi masa wanka da ruwan sanyi da sassafe. In jikinsa ya yi zafi ko kaɗan, ba a jira gobe, ba a fara jiƙo tukuna, asibiti kai tsaye. Ranar Talata a kai shi Jega a buɗe masa kati.

Zinatu ta yi magana a karon farko, murya ƙasa-ƙasa, idonta a kan Iklima da ta sauka tana bin kajin. "Ita ma?"

"Ita ma."

"Kuma tana gudu haka?"

"Wata rana tana gudu, wata rana muna asibiti. Ba zan yi miki ƙarya ba, Zinatu. Amma ranakun gudun sun fi yawa."

Malami ya ninke takardar ya sa a aljihu. "Albasa tana ƙasa, masu cire ta sun ce Talata za su zo. Sai na ga hali."

Na rubuta lambata a bayan katin riga-kafin yaron na ba Zinatu. Ta raka ni har zaure.

Washegari da safe na buɗe layukana goma sha ɗaya. Ban koma tsohon shirin ba, hanyar ba ta da laifi, tambayata ce ta gaza. Na sake rubuta ta yadda duk jaririn da bai samu abokin haɗi ba zai fito a saman jerin, da jan rubutu, ba a ƙasa ba. Na ƙara cewa in babu suna, a nemo ta sunan uwa a garuruwan uku, a bar ratar kwana goma a ranar haihuwa, a kawo mini duk wanda ya yi kama in duba da idona. Na kuma rubuta wa ƙungiya cewa a ƙara tambaya ɗaya a wayar ma'aikata: wanka kika zo, kuma ina ne gidan mijinki? Layukan suka zama ashirin da uku, ba su da kyan gani kamar da. Na bi duk fayilolin da suka wuce ta hannun sabon shirin, babu wani da ya faɗi sai shi. Na ɗaga waya in faɗa wa wani, na duba sunayen da ke ciki, na ajiye. Iklima na faɗa wa, tana cin ƙosai, ta miƙo mini ɓarin da ta tsotsa.

Talatar nan ba lokacin ganin Iklima ba ne, amma na goya ta muka tafi asibiti. Na zauna a bencin da ke fuskantar ƙofar shiga. Sista Murjanatu ta leƙo ta gan ni.

"Injiniya, yau kuma gadi kika koma?"

"Ina jiran mutanen Birnin Malam."

"In sun zo sun zo. In ba su zo ba, gobe ni da kaina zan hau mashin. Tahi gida, ki huta da yarinyar nan."

Ban tafi ba. Ƙarfe goma ta yi, sha ɗaya ta yi. Matan da na tarar suka shiga suka fito, benci ya koma ni kaɗai. Na kira lambar Malami, a kashe. Inuwar da muke ciki ta janye, na matsa ƙarshen bencin, na ba Iklima ragowar ruwan gora ta farko. Na fara tsara abin da zan faɗa masa in na sake komawa, da wanda zan nema a garin ya sa baki.

Ana gab da kiran azahar wani mashin ya shigo, an ɗaure buhun albasa rabi a kan tankinsa. Malami ne, Zinatu a baya da goyo ƙarƙashin mayafi. Ya kashe mashin, ya gan ni, ya ɗaga hannu sama-sama ya kau da kai. Zinatu ta zo wucewa ta gabana, ta rage tafiya.

"Jiya jikinshi ya ɗan yi ɗumi," ta ce. "Na ce ba ni kwana biyu da shi a gida."

"Shiga, Sista tana ciki. Ki fara faɗa mata wannan kafin komai."

Suka shiga, labulen ya rufe. Na ji muryar Sista tana tambayar yaushe zafin ya fara, na ji yaron ya tsala kuka da aka kwance shi. Na jira har ta leƙo ta ce zafin ba mai yawa ba ne, za su gwada shi su riƙe shi zuwa yamma, an buɗe masa kati.

Na ɗaure Iklima a baya, na buɗe lema. A bakin titi na saya mata awara ta cinye kafin mu kai Firchin, kuma tun kafin in buɗe ƙofar gida ta yi barci.